Musayar waƙa: furotin mai tashin ƙwayar tarin fuka daga barci

Malamin Gwaji, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Batun yau daga wurin aikina na ɗauko shi. Ga tawa, wanda zai amsa ya zaɓi nasa amsa-amon.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Gwanin da ya yi halitta da kyautatawa.

Batun ƙwayar tarin fuka na kawo,
Mai shiga huhu ta kwanta ba motsawa.

Robert Koch ya nuna ta a Jamus 1882,
Har yau da ita duniya ke fafatawa.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bil'adama,
Ta shige su, Hukumar Lafiya ta Duniya ke ƙiyastawa.

Yawancinsu garau suke, ba tari ba zazzaɓi,
5 zuwa 10 cikin 100 ciwon ke kayarwa.

Mu a ɗakin gwaji kaki muke shukawa a faranti,
Mu jira makonni mu ga ko tana tsirowa.

Wani sa'in farantin ya fito fes da shi,
Alhali tana nan da rai, ta ƙi fitowa.

To me ke tashin ta in ta yi wannan barcin?
Ga fili nan, wa zai fara warwarewa?

Ɗalibar Kimiyya, Kano:
Wa alaikumus salam Malam. Manya su yi mini afuwa, ƙarama ta riga ku.

Malam ka buɗe ƙofa, ga ni na shigo,
Labarin wata ƙwaya daban na ɗauko,
Micrococcus luteus, ruwan ɗorawa ce tun farko,
Tana zaune kan fatarmu cikin aminci.

Masana daga Mosko suka haɗa hannu,
Da na Aberystwyth a Birtaniya, suka bi a sannu,
Suka bar ta da yunwa suna zuba idanu,
Wata da watanni, har ta faɗa barci.

Aka ba ta sabon abinci ta ƙi tashi,
Mai kallo zai rantse an yi rashi,
Sai aka ɗebo ruwan da masu rai suka girma cikinshi,
Aka zuba mata, sai ga ta tana cin abinci.

A ruwan nan akwai furotin, shi suka tace,
A 1998 suka buga, duniya ta karance,
Mukamolova da Kaprelyants da Kell, in taƙaice,
Da su Young. Rpf ne sunansa tun wancan lokaci.

Shi ba abinci ba ne, kada a ruɗe,
Ɗigon da ido ba ya gani ya isa ta buɗe,
Ko da kuwa a kwancen nan ta daɗe,
'Yar'uwarta mai motsi ke aiko shi don zumunci.

Ɗan Masunta, Yawuri:
Ƙanwata, Allah ya ƙara basira. Bokona bai yi nisa ba, amma na hango abin daga bakin ruwa.

Mu masunta mun san halin gaiwa,
In tafki ya ƙafe takan nutse cikin ƙasa.

Ta naɗe jikinta da yauƙi a cikin laka,
Ta bar 'yar kafar shan iska ta bisa.

Rani ya wuce ta kanta ba ci ba motsi,
Mai wucewa bai san da rai a ƙarƙashinsa.

Ruwan farko ya jiƙa lakar ta yi taushi,
Sai ga ta tana iyo, kai ka ce wasa.

To ruwa dai laka yake jiƙawa,
Shi furotin me yake taɓawa in ya isa?

Malamin Gwaji, Zariya:
Yayana na Yawuri, tambayarka ita ce gindin zancen.

Kowace ƙwaya da bango kewaye da ita,
Saƙar sukari da guntun furotin mai ɗaurewa.

In ta kwanta, bangon ya ƙanƙame ta,
Ba halin girma, ba halin rabewa.

Shi Rpf kan zaren sukarin yake sauka,
Ya datsa shi, bangon ya samu sassautawa.

Ginin jikinsa dangin lisozayim ne, sinadarin cikin hawaye,
Wanda Fleming a 1922 ya yi ganowa.

Kuma da ƙwayar nan ruwan ɗorawa ya gwada shi,
Ya ga ruwan hawaye yana narkar da ita tana watsewa.

Wasu masana na ganin guntayen bangon da suka zube,
Su ne saƙon da ke sa maƙwabta farkawa.

Ita luteus guda ɗaya tak take da shi,
Ta tarin fuka 5 take ƙerawa.

Daga A har zuwa E aka jera sunansu,
Nan ne zancen ya iso mu, ya zama abin damuwa.

Hajiya Uwargida, Funtuwa:
'Ya'yana, ni ban yi karatunku ba, amma ciwon nan ya shigo ɗakina.

Ɗana na fari ya yi tarin nan,
Gumin dare ya jiƙa katifa da zani.

Ya rame har ƙashin wuya ya fito,
Kakinsa wata rana har da jini.

Aka ba shi ƙwayoyi kyauta a asibiti,
Aka ce wata 6 cur zai sha magani.

Fitsarinsa ya koma ja muka tsorata,
Nas ta ce launin maganin ne, ta yi bayani.

Wata 2 tari ya lafa, ya koma kasuwa,
Ya ajiye maganin bai gaya mani.

Da hunturu ya kama ciwon ya dawo,
Ya fi na farko, abin ba kyan gani.

An sake ɗora shi, wannan karon ya shanye,
Mun gode Allah mai rahama mai jin ƙai gwani.

Malam, ashe masu barcin ne suka tashi?
Ku faɗa mini gaskiya in huta da tunani.

Ɗalibar Kimiyya, Kano:

Inna sannu, Allah ya ƙara masa lafiya,
Abin da kika zata yana kan hanya,
Maganin isoniazid, ƙwaya mai ginin bango yake kashewa gaba ɗaya,
Wadda ta daina gini takan tsira na wani lokaci.

A Lesta ta Ingila, 2010, aka duba,
Kakin majinyata, gida biyu aka raba,
Ɗaya a faranti, ɗaya da Rpf aka zuba,
Sai ga shi tsakaninsu akwai babban bambanci.

A yawancin kakin, ƙwayoyin cutar 80 zuwa 99 cikin 100,
Ba sa tsirowa a faranti bisa tsohon tsari,
Suna nan da ransu a ƙirjin mai tari,
Shi ya sa wata 6 ɗin ke da muhimmanci.

Ra'ayina, Malam, a tashe su da gangan,
Magani na cikin jini yana jira a nan,
Su fara gini ya same su nan da nan,
Watanni su ragu, majinyaci ya fita ƙunci.

Baba Tsohon Nas, Maraɗi:
Tun ɗazu nake karatu na yi shiru. A nan dole in sa baki.

Jikata, a bi zancen tashin nan a hankali,
Na yi jinyar masu tarin har ritaya ta sa na huta.

In kin tashe su gaba ɗaya a huhun mutum,
Wa ya ce magani zai cim ma kowace cuta?

Akwai wadda maganin rifampicin ba ya ci,
In ita kika tasa, ina za ki sa ta?

Ga mai ƙanjamau, ga mai suga, ga mai yunwa,
Garkuwarsu ta yi rauni, ba sa iyawa da ita.

A Afirka ta Kudu an cire wa ƙwayar Rpf duka 5 ɗin,
Masana su Kana da Mizrahi a 2008 suka rubuta.

Ƙwayar ta ci gaba da girma a kwalba,
Amma tashi daga barci ya zame wuya gare ta.

Waɗanda aka cire wa 4 aka sa wa ɓera,
Ƙarfin cutarwarsu ya ragu, ya ƙaranta.

To ni na fi son a toshe furotin ɗin,
A bar mai barci ta ƙare da barcinta.

Ɗalibar Kimiyya, Kano:

Baba na ji, kuma ban ƙi taka ba,
Amma mai barci ai ba ta mutu ba,
Ranar da aka daina toshewa ba za ta jira ba,
Ko har abada za a riƙe mutum majinyaci?

Malamin Gwaji, Zariya:
Baba da ƙanwata, ku ba ni dama in shiga tsakani.

Hanyar tashi da hanyar toshewa duka biyun,
Suna ɗakin bincike, ba a fara rabawa.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga Baba,
Huhun mutum ba wurin gwaji ba ne na gaggawa.

Amma a kwalbar gwaji ina son a tashe su,
Mu san adadin da magani ya bari bai kashewa.

Da shi likita zai gane wa ya warke da gaske,
Da wanda aka sallama, ciwo na dawowa.

Hajiya Uwargida, Funtuwa:

Malam, jikokina ɗaki ɗaya suka kwana da shi,
Ƙaramar ba ta kai shekara 3 ba, tana goye a zani.

Ba su tari, suna wasa, suna cin tuwo,
In zuba ido, ko akwai abin yi a kaina ni?

Malamin Gwaji, Zariya:

Hajiya kada ki jira sai sun fara tari,
'Yan ƙasa da shekara 5 ciwon ya fi kayarwa.

Ki kai su inda babansu ya karɓi magani,
Ki ce gida ɗaya suke, a yi musu dubawa.

In ba a ga ciwon ba akwai na rigakafi,
Wata 3 ko 6, likita ke zaɓawa.

Ki tafi da katin babansu a hannunki,
Zai nuna irin maganin da ya sha, su san na bayarwa.