Zauren haska fim mai kujera 60 a Katsina: yaya za a yi da 'yan kallo?

Ɗan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani zaure a nan cikin Katsina, tsawonsa mita 14, faɗinsa mita 8, rufin kwano ne da silin. Ana son a mayar da shi wurin haska fina-finai daga Juma'a zuwa Lahadi, da kuma ranakun Sallah. Kujeru kamar 60. Abin da ke ɗaure kai shi ne halin 'yan kallo. Duk wanda ya saba leƙa gidan kallon ƙwallo ya san yadda ake: musu, amsa waya da ƙarfi, ɓawon gyaɗa ko'ina, wani ya miƙe ya tare wa na baya. Nan kuwa so ake magidanci ya iya zuwa da iyalinsa. Dokoki za a rubuta a manna a ƙofa, ko ƙarti za a ɗauka su riƙa tsawatarwa? Masana a taimaka da shawara.

Injiniya Baban Sadiq:

Wa alaikumus salam Malam. Rabin abin da ake kira rashin tarbiyyar 'yan kallo, ɗakin ne ke jawo shi. Mutum ba ya miƙewa haka kawai, sai in ba ya gani. Ba ya tambayar na kusa da shi "me ya ce?" sai in sautin ya cakuɗe. Saboda haka a fara da awo.

Allo mai inci 150 ya dace da zauren nan. Faɗinsa kusan mita 3.3 ne, tsayinsa kusan mita 1.9. A ɗaga gindinsa mita 1.2 daga ƙasa, wato saman allon zai kai wajen mita 3.1. A auna silin tukuna kafin a sayo. In bai kai ba, a sauko zuwa inci 120. Layin farko ya fara daga mita 4, domin wanda ya fi haka kusa wuyansa zai ƙage, kuma shi ne zai tashi tsakiyar fim yana neman canjin wuri. Layi shida, kujera goma-goma, tazarar mita ɗaya tsakanin layi da layi, hanya mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefen bango. Da haka babu wanda zai tsallake fiye da mutum huɗu ko biyar kafin ya fita. Kada a yanka hanya ta tsakiya: nan ne wurin da ya fi daɗin kallo, kuma duk mai wucewa ta nan kansa zai fito a allo.

Dakali kuwa dole ne. Kowane layi ya ɗara na gabansa da santimita 15 zuwa 20, sannan a goce kujerun da rabin kujera, ta yadda mutum zai riƙa gani ta tsakanin kawuna biyu. Ma'aunin da ke cikin littattafan Turawa bai san da hula zanna ba, bai san da ɗaurin ɗankwali na ranar Sallah ba. Ba kuma za ka iya ce wa dattijo ya cire hularsa ba, gara ka ƙara wa dakalin tsawo.

Ƙofar shiga ta kasance a baya, da labule mai kauri ninki biyu, ɗan tsakani a tsakaninsu, don kada hasken waje ya wanke allo duk sanda wani ya shigo. Bangon siminti tsirara yana mayar da amo, magana ta riƙa hawa kan magana, musamman fim ɗin fassara da mai fassarar ke zuba da sauri. A rufe bangon baya da na gefe da labule ko kafet. Sifikar da ke ɗauke da muryar 'yan wasa a ajiye ta tsakiya, daf da allo. Ƙure ƙara ba ya gyara wannan, sai ma ya sa jama'a su ɗaga murya su ma.

Sai zafi. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Mutum 60 ke nan wat 6,000, alhali esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi wat 3,500 yake iya kwashewa. Biyu sun tafi a kan zafin jikin mutane kawai, ba a zo ga kwanon da ya sha ranar watan Afrilu ba. A yi lissafin huɗu ko biyar, da injin da zai ɗauke su. Ɗakin da ya yi zafi ba ya natsuwa: fifita, shiga da fita, neman ruwa. Na'urar haska fim ɗin kuma a ɗora ta kan batir, domin in wuta ta ɗauke farat ɗaya fankar cikinta ba ta samun damar huce ƙwan fitilarta, yana saurin mutuwa. Lokacin hunturu a riƙa kakkaɓe matacin iskarta duk mako, ƙura na toshe shi ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar kallo, kuma a irin wannan duhun ne ake fara yin fito da buga kujeru.

Malam Na-Daura:

Injiniya ya gama da gini, bari in taɓa mutane. Ɗan'uwa, kada ka sa a ranka cewa za ka samu ɗaki tsit kamar ɗakin jarrabawa. Mu kallonmu tun asali da baki ake yin sa. Majigin da Turawan mulkin mallaka suka riƙa yawo da shi a mota gari-gari, a fili ake kafa shi da dare, da mai bayani riƙe da lasifika yana fassara wa jama'a. Tsofaffin sinimomin Kano ma yawancinsu ba rufi, kuma ana yi wa jarumi tafi, ana yi wa bos ihu. Dariya tare, salati tare in abin tausayi ya zo, shewa in mugu ya sha kashi: wannan shi ne abin da mutum ya biya kuɗi ya zo nema, in ba haka ba ai yana da fim ɗin a wayarsa. Wanda ya hana wannan ya kashe kasuwarsa.

Abin da za a hana kaɗan ne, kuma kowanne da dalilinsa. Na farko hasken waya. Allon sinima haskensa bai wuce 48 ba a ma'aunin ƙarfin haske a ƙa'idar da ake bi, na waya kuwa in an ƙure shi yana haura 400. Ido yana ɗaukar mintuna kafin ya saba da duhu, waya ɗaya a layi na biyu tana dawo da duk na bayanta farko. Shi mai wayar bai san yana yi ba, domin na bayansa hasken yake bugawa. Na biyu amsa kira a zaune. Ba a hana mutum amsa kiran mahaifiyarsa, amma ya fita bayan labule. Na uku mai riga malam masallaci, wanda ya riga ya kalli fim ɗin yake sanar da cewa yanzu za a kashe wane. Na huɗu ɗora ƙafa a bayan kujerar wani.

Takardar doka a ƙofa ba mai karanta ta. A ɗauki sanarwa ta rabin minti da Hausa, cikin raha, a haska ta kafin kowane fim, fitila ba a gama kashewa ba. Ƙarti kuma ba su da amfani a nan. Mutum biyu masu hankali sun isa, ɗaya a ƙofa, ɗaya a ciki da ƙaramar tocila yana haska ƙasa, ba fuskar mutane ba. In zai yi wa wani magana ya durƙusa kusa da shi, ya ce "Alhaji, a taimaka da wayar nan." In aka kwatsa wa Bakatsine a gaban matarsa, fim ya ƙare, sai shari'a.

A rubuta lamba a kowace kujera da kowane tikiti. Rigimar "nan wurin abokina ne, ya je fitsari" lamba ce kaɗai maganinta. Wanda ya makara fiye da minti goma sha biyar ya zauna a kujerun bakin hanya na layuka biyu na baya, a ware huɗu saboda haka.

Abin ci: gugguru a takarda, lemo da ruwa a roba mai murfi. Ban da rake, ban da gyaɗa mai ɓawo, ban da fiya wata, domin ledar da aka sha rabi ƙasa take komawa, wani ya taka a duhu a kan dakali.

Maman Hanifa:

Sannunku da ƙoƙari. Malam mai tambaya, in da gaske iyali ake so, lokaci ne zai yanke hukunci. A Katsina magariba tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a watan Nuwamba, ta kai wajen 7 a Yuni da Yuli. Fim mai awa biyu da aka fara 4:30 bayan la'asar zai ci magariba lokacin sanyi, mutane su riƙa zarewa ɗaya-ɗaya daidai inda labari ya ɗauki zafi. A fara 2:30 bayan azahar a yi hutun la'asar, ko a matso da na yamma yadda zai ƙare kafin kira. Fim ɗin Indiya mai awa uku dama da wurin hutu a tsakiyarsa, a daidaita shi da sallah, a ba da minti ashirin, a tanadi butoci da tabarmi, na mata daban. Na bayan isha'i a bar wa samari, ba macen da za a bari ta dawo gida sha ɗaya na dare.

Wurin zama a raba shi tun daga tikiti: layukan baya na iyali da mata, na gaba na maza, kuma in an tashi mata su fara fita. Banɗaki biyu, na mata kada ƙofarsa ta kalli inda samari ke tsayawa. Mai goyo a ba ta kujerar bakin hanya ba sai ta roƙa ba.

Yara kuma a duba alamar shekaru da hukumar tace fina-finai ta ƙasa ke sa wa fim, akwai 12, 15 da 18. A rubuta ta a jikin allon sanarwa, mai ƙofa ya tsaya a kanta ko da uban yaron ne ya kawo shi. Yaro ɗan shekara huɗu ba ya zaman awa biyu, a yi musu nasu da safiyar Asabar, gajere, fitila a ɗan kunne.

Injiniya Baban Sadiq:

Hajiya ta yi gaskiya. Malam Na-Daura, wuri ɗaya zan saɓa maka: akwai abin da ba a yi masa lallashi, wato ɗaukar allo da waya. Gargaɗi ɗaya, na biyu a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Fim ɗin da aka ɗauka yau, gobe yana wurin masu tura fina-finai a kasuwa, kuma furodusan da aka yi wa haka ba zai sake ba zauren fim ba. Shi ma zauren sai da izinin mai fim da lasisin hukumar tace fina-finai. Sayen fim don kallon gida bai ba mutum damar haska shi ya karɓi kuɗi ba. A kuma gaida mai unguwa da maƙwabta kafin a buɗe.

Sai ƙofofi. Ranar 13 ga Mayu 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu. Zauren nan yana buƙatar ƙofar fita ta biyu a can gaba kusa da allo, duka biyun su riƙa buɗewa waje, da ƙaramar fitila mai batir a saman kowacce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa wa ta biyun kwaɗo don kada yara su saci shiga. A sa sakata ta ciki wadda hannu ɗaya zai zare. Kada a ƙara kujerun roba a hanya ranar Sallah komai yawan layi, babura a ajiye su nesa da bakin ƙofa, inji da jarkar mai kuma can bayan gini.

Ɗan Ƙofar Marusa:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara sani. An auno silin ɗin yanzu, mita 3 ne cif. Injiniya, inci 120 ɗin zai wadaci na layin baya?

Injiniya Baban Sadiq:

Zai wadata. Tsayinsa mita 1.5 ne, layin ƙarshe kuma yana mita 9, bai wuce ninki shida ba. In fim mai rubutun fassara a ƙasa ne, a matso da layukan duka gaba da rabin mita.