Jama'a, me za mu kira kayan dizaina da Hausa?

Mai shiri: Salam jama'a, don Allah a agaza min. Gobe da safe zan shiga situdiyo a nan Jos, shirin kan su Gucci ne da Louis Vuitton da Hermès, kuma edita ya ce kada ya ji dizaina a bakina. To me zan ce?

Tela: Kayan alfarma mana, ai shi kowa zai gane.

Malamin Hausa: Alfarma ta yi faɗi, babbar rigar sarki ma ta alfarma ce. Ni na daɗe ina cewa a kira su tufafin tambari, don tambarin ake biya ba yadin ba. Louis Vuitton akwatuna ya fara yi a Paris a 1854, Hermès kuwa kayan doki tun 1837, sunan ne ya yi tsada daga baya.

Hajiya mai shago: Malam da girmanka, jabu ma ai da tambarinsa, ka zo kasuwar Wuse ka ga bel mai GG, tambarin Gucci, a ƙasa an baza, in ka ce tufafin tambari ka haɗa orijinal da na bogi a buhu ɗaya. Kuma jaka da agogo ba tufafi ba ne.

Malamin Hausa: To kayan tambari. Amma dizaina kam a'a, haka muke kashe harshe da hannunmu.

Tela: Gezna fa Malam? Shaddar Getzner daga Ostiriya take zuwa, ba wanda ya fassara ta, kuma ranar sallah ita kowa ke nema.

Ɗalibi: Ni abin da ke min ciwo jar fatar akuyar Sakkwato da aka yi ta ketarawa da ita Sahara, Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, yau mu ne muke neman sunan da za mu kira jakarsu.

Hajiya mai shago: Wannan gaskiya ne ɗana, amma baiwar Allah gobe take da shiri.

Mai shiri: Na gode ƙwarai. Zan buɗe da kayan alfarma na manyan kamfanoni, inda ake maganar suna kuma in ce tambari.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo. Amma tunda tambari ya shiga, je ki da shi, ban dai janye nawa ba.