Bidiyo daga sabar Faransa yana tsayawa bayan magariba

Assalamu alaikum 'yan uwa masana harkar intanet. Ina Garwa, yayana kuma yana Faransa. A gidansa ya haɗa sabar Jellyfin, wato kwamfutar da ke turo mana bidiyo ta intanet, inda muke ajiye bidiyon bukukuwan dangi da karatun malamai. Da safe lafiya lau, har hoto mai ingancin 1080p yana tafiya. Daga magariba kuwa sai hoto ya daskare, murya ta yanke, ga shi lokacin ne Hajiya take zaman kallo.

Abin da ya ɗaure min kai, a daidai lokacin gwajin gudun intanet ɗina yana nuna mega 20, YouTube ma ba ya tsayawa. Layin yayana fiba ne, gudun turawarsa ya haura mega 100, furosesar sabar kuma ba ta shan wahala. Na sauko da ingancin hoton zuwa 720p a mega 4, sauƙin kaɗan ne. Na bar Wi-Fi na jona talabijin da kebul, duk ɗaya.

Zargina yana kan hanyar da ke tsakaninmu, tunda gwajin gudu sabar kusa yake taɓawa, ba ta Faransa ba. Yaya zan auna gudun daga nan zuwa sabar kanta, manhajar awon gudu ta iperf3 ta isa? In cunkoson hanya ne, VPN, mai bi da bayanai ta wata hanya daban, zai iya kauce masa? Don Allah a taimaka, Allah ya saka da alheri.