Wane bambaro kuke shimfiɗa wa dawakinku a barga?

Mai Goɗiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Goɗiyata na da ciki wata tara, saura kamar wata biyu ta sauka in Allah ya yarda, tunda nasu wata goma sha ɗaya ne. Bambaron sha'ir nake shimfiɗa mata, to kwana biyun nan na ga idonta na hagu na ta zubar da hawaye tana goga fuska a jikin ƙofa. Don Allah wanda ya gwada na alkama ko na ots (wani hatsi ne dangin alkama da sha'ir) ko na shinkafa ya faɗa min abin da ya gani da idonsa, ba nason ɗan ya faɗo kan abin da zai cuce shi.

Dattijon Barga:
Wa alaikumus salam ɗana. Ni kam na alkama, shekara da shekaru ban sauya ba. Ka ɗauki sili ɗaya ka karya ka duba, cikinsa rami ne kuma yana da tauri, shi ya sa in doki ya yi fitsari sai ruwan ya zarce ƙasa saman ya zauna a bushe, ba ya kwantawa ya zama taɓo da wuri. Babban doki fa yana fitar da fitsari wajen lita 10 a rana, wani ma ya fi, ka ga ba ƙaramin aiki shimfiɗa ke yi ba. Sannan ba shi da daɗi a bakinsu, sai dai su ɗan tsakura su bari. Ka zuba da kauri, kamu ɗaya ko fiye, in ka soka cebur mai yatsu kar ka ji ya daki siminti. Ka kuma tara shi ya yi tudu a jikin bango, na taɓa tashi cikin dare na tarar da ingarma ya yi birgima ƙafafunsa sun maƙale a bango ya kasa tashi, mu huɗu muka juyo shi da igiya, har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Mai Akawal:
Baba ya gama magana. Ni dai roƙona ɗaya, in dokinka mai ci ne kar ka kusanci na ots. Na sayo shi ne don na ga laushinsa da kyan launinsa, na ce bari in jiyar da akawal ɗina daɗi, ashe tuwo na shimfiɗa masa. Da safe rabin shimfiɗar babu, washegari ma haka, rana ta uku sai na ga ya ƙi abinci yana waiwayen cikinsa yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, ya kwanta ya tashi ya kwanta ya tashi, kashi ko ɗaya babu a ɗakin. Likita ya zo ya ce ƙullewar ciki ce, bambaron ya cushe a babban hanji, ya zura masa roba ta hanci har ciki ya ɗura ruwa da man farafin na magani mai sa kashi ya yi laushi, kwana biyu ban runtsa ba sai da na ga kashi ya fito tukun hankalina ya dawo jikina. Laifina ma na ciki, ingiricin da nake ba shi da dare ya yi kaɗan kuma bokitin ruwansa kan ƙare kafin asuba. Ga shi na ots ɗin nan da nan yake jiƙewa ya yi nauyi wajen kwasa.

Uwar Dukushi:
Malam Mai Goɗiya, ka sa a buɗe idon nan a duba ƙarƙashin fatar, ina zargin gashin kan zangarniyar sha'ir ne ya shige, tsini gare shi kamar allura. Na taɓa zaro irinsa daga dasashin wata goɗiya tawa da ke ta dalalar da miyau. Amma kuma ban yarda a ce sha'ir duk ba shi da kyau ba, ya danganta da yadda injin ya sussuke shi, akwai damin da na samu tas babu gashin sosai, dawakina suka yi sanyi guda a kai lafiya lau. Maganar haihuwa kuwa na alkama dogo mai tsabta shi ne, kar wani ya ba ka shawarar diddigar katako, tana mannewa a jikin ɗan yana jiƙe ta shige masa hanci ta liƙe a cibiya.

Mai Kili:
Na shinkafa na yi amfani da shi wajen wata shida. Yana da tauri, ba ya shan ruwa sosai, amma ba wannan ya dame ni ba. Da danshinsa aka ɗaure shi, waje fes, da na kwance dami sai wata farar ƙura ta tashi da warin fumfuna, ni kaina sai da na yi atishawa. Na raina abin na shimfiɗa. Sati biyu kili na ya fara tari da asuba, hancinsa na yoyo, in na hau shi numfashi sama-sama. Tun daga nan kowane iri ne sai na cusa hannu tsakiyar damin na shinshina kafin in karɓa. Kuma ku riƙa durƙusawa ku kai hancinku daidai inda doki ke ajiye kansa in ya kwanta, in zarnin fitsari ya sa ku hawaye to shi a ciki yake kwana.

Dattijon Barga:
Wannan ta durƙuso gaskiya ce Malam. Doki na gyangyaɗi a tsaye amma barci mai nauyi sai ya kwanta, in wurin da jiƙa ƙin kwanciya yake. Ka kwashe jiƙaƙƙen kullum, ka kuma duba ƙasan kofato, in ka ji ɗoyi da baƙin ruwa a tsagar tsakiya to ruɓewa ta fara.

Mai Goɗiya:
Allah ya saka da alheri. Hajiya kin canka daidai, likita ya zaro gashin sha'ir ɗan siriri daga idon, ya ba da maganin ɗigawa. Na kwashe shimfiɗar duka na wanke ɗakin na bar shi ya sha iska, na samo na alkama dami shida, ɗaya na mayar don tsakiyarsa da ɗumi. Jiya da dare na leƙa na same ta kwance ta miƙe ƙafafu.