Ya biya kafin alƙalami, yanzu kullum sai ya canza tsarin jitar

Mai haɗa jita, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina haɗa jita da hannu a wani ɗan shago kusa da kasuwar Panteka a Kaduna, yawancin masu ba ni aiki mawaƙan coci ne da makaɗan biki. Wani saurayi ya zo muka yi ciniki a kan jita mai tsirkiyar nailan, baya da gefe na madaci, ya biya kafin alƙalami. Na yanke katako, na manne sandunan da ke tallafe fuskar daga ciki, sai ga saƙon murya a WhatsApp wai tsirkiyar ƙarfe yake so. Ban gama haɗiye wannan ba ya turo hoto: a fere wuyan ya zama siriri irin na jitar lantarki, a kuma rubuta Fender, sunan wani kamfanin jita na Amurka, a kai. Ranar biki kuma ya ce lallai da ita zai hau dandali. Yaron yana da ladabi, kuma shi ya kawo mini abokansa biyu, shi ya sa bakina ya yi nauyi. A ina ya kamata in tsaya?

Tsohon kafinta, Panteka:

Ɗana, tun ranar da zarto ya taɓa katako magana ta ƙare. Ni takarda nake rubutawa, irin katako, awo, launi, kuɗi, mu sa hannu mu biyu. Wanda ya canza ra'ayi bayan nan, sabon ciniki ne da sabon kafin alƙalami.

Amma naka ya wuce batun kuɗi. Kai ka fi ni sani, tsirkiyar nailan shida jan da suke yi bai wuce kilo 40 ba, na ƙarfe kuwa suna kai kilo 70. Fuskar da ka yi wa tallafin nailan ba za ta ɗauka ba: za ta kumbura, gadar da tsirkiyoyin ke ɗaure a kai ta ɗago, wuyan ya lanƙwashe tunda ba ka sa masa sandar ƙarfe a ciki ba. Ga hunturu na tafe. Katakon da aka manne da ɗanshin damina, iskar Disamba na busar da shi ya tsuke ya tsage. In ta tsage a hannunsa, ba zai ce shi ya matsa ba, cewa zai yi aikin wane ne.

Mai kaɗa jita a coci, Barnawa:

Baba ya yi gaskiya, sai dai ku ma masu sana'a kuna da naku. Mu makaɗa ba mu san abin da ke cikin jita ba, sauti kawai muka sani. Yayana, kira shi shago, ka miƙa masa mai nailan da mai ƙarfe ya kaɗa da yatsunsa. Wataƙila ƙarar da za ta ratsa ganguna yake nema, wannan kuwa ƙaramin makirfo da ake maƙalawa a ciki ya wadatar. Launi, ado a bakin ramin, faɗin wuya daidai hannunsa in katakon zai yarda, duk ka bar masa, shi zai rungume ta.

Tela, Kawo:

Ni ban ga laifin sunan ba. Kuɗinsa ne, kowa ya san ba daga Amurka ta zo ba.

Mai haɗa jita, Tudun Wada:

Malam tela, shi ya sani, wanda zai sayar wa bayan shekara biyu fa? Fender kamfani ne mai rajistar sunansa tun zamanin Leo Fender a Kalifoniya, sa sunan a aikina jabu ne, kuma ni ma ina da suna. Wannan kam na ƙi.

Baba, na gode. Na kira shi, zai zo ranar Asabar. Zan ba shi zaɓi: ko mu ƙarasa ta nailan yadda muka shirya in sa masa makirfo kamar yadda 'yar uwa mai kaɗa jita a coci ta ce, ko ya biya kuɗin sabuwar fuska da sabon wuya, ya kuma haƙura da ranar bikin. Takardar nan taku, kuna rubuta kuɗin canji tun farko ne, ko sai an zo canjin ake yankewa?