Neman shawara: Mets su yi musaya don cike gurbin Edwin Díaz, ko su haƙura da waɗanda ke hannu? (Tattaunawar Maris 2023)

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mazaunin Niyok ne, kuma ɗana ne ya jawo ni cikin kallon besbol har na zama mai goyon bayan Mets, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin garin nan. Kamar yadda wasunku suka gani, a daren 15 ga Maris ɗin nan na 2023 Edwin Díaz ya faɗi a fili a Miyami ana tsakiyar murnar doke Jamhuriyar Dominika da ƙasarsa Puerto Rico ta yi da ci 5 da 2 a gasar ƙasashe ta World Baseball Classic, jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke, an yi masa tiyata, kuma da wuya ya sake jifa a bana. Shi ne mai rufe mana wasa, wato majefin da ake kira a zagaye na tara, na ƙarshe, don ya tsare nasara idan muna gaba da ƙaramar rata. Bara ya tsare nasara 32, ya fitar da masu duka 118 a zagaye 62, shi ya sa aka ba shi kwantiragin dala miliyan 102 na shekara biyar. Ɗana ya dage sai a bayar da ɗaya daga cikin matasanmu, Francisco Álvarez ko Brett Baty, a karɓo wani gwani tun yanzu, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Waɗanda suka riga ni sanin wasan nan, ina neman ku haska mini.

Wani dattijo daga Bronx:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba shi lafiya. Ni mutumin Yankees ne, amma zan faɗa maka gaskiya domin mun ɗanɗani irin wannan. A watan Mayun 2012 Mariano Rivera, wanda babu mai rufe wasa kamarsa a tarihi, ya ji rauni a gwiwa yana atisayen cafe ƙwallo kafin wasa a Kansas City, muka ɗauka kakar ta lalace. Ba a bazama kasuwa ba. Rafael Soriano da ke cikin gida aka miƙa wa aikin, ya tsare nasara 42, muka ƙare a saman rukuninmu da nasara 95. Ku ma ba hannu rabbana kuke ba, domin kuna da David Robertson, wanda shi ne ya gaji Rivera a 2014 har ya tsare nasara 39. Shekarunsa 37, na yarda, amma zagaye na tara ba baƙonsa ba ne. Ka gaya wa yaronka cewa mai rufe wasa yakan jefa zagaye 60 zuwa 70 ne a kakar da ake buga wasa 162, alhali mai tare ƙwallon majefi a bayan mai duka irin Álvarez kusan kullum yana fili, kuma ƙungiya tana riƙe da shi shekara shida kafin ya samu 'yancin tafiya. Ba a sayar da gona don a sayi hatsin wata ɗaya.

Wani matashi daga Shikago:
Baba, da girmamawa, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. A watan Yulin 2016 Cubs suka bayar da Gleyber Torres, matashin da ya fi kowa daraja a hannunsu, tare da wasu uku, suka karɓo mai rufe wasa Aroldis Chapman daga wajenku, kuma a ƙarshen kakar suka ɗauki kofin World Series, babban kofin kaka, da rabonsu da shi tun 1908. Har gobe ban ji wani a garin nan yana nadama ba. Mets ba ƙungiya ce mai ginin gobe ba: sun ci wasa 101 bara, mai ƙungiyar Steve Cohen ya zuba kuɗin da ba a taɓa zubawa ba, ga majefa Max Scherzer da Justin Verlander, ɗaya yana dosar arba'in, ɗaya ya cika. Wanda ya tara irin waɗannan dattawa ba shi da lokacin jira.

Wata 'yar uwa daga Bostan:
Ƙanena na Shikago, ka lura da watan da ka ambata da bakinka: Yuli. Cubs sun yi cinikin ne bayan sun buga fiye da rabin kaka, sun tabbatar su ne a gaba. A watan Maris babu ƙungiyar da ta yanke ƙauna, saboda haka babu mai sakin gwaninsa sai da tsadar gaske, musamman ga mai sayen da kowa ya san wuta ce ta kama masa gida. Mu a Red Sox a 2013, mai rufe mana wasa Joel Hanrahan, wanda musaya aka yi aka kawo shi, ya ji rauni, Andrew Bailey ya bi bayansa, sai aka jarraba Koji Uehara mai shekara 38, wanda ba don wannan aiki aka ɗauko shi ba, kuma shi ne ya yi jifan ƙarshe da ya ba mu kofi. Sannan a 1990 mun bayar da Jeff Bagwell don majefin agaji (mai karɓar majefin da ya fara wasa) Larry Andersen, wanda bai wuce ƙarshen kakar ba a wurinmu, Bagwell kuwa ya je Houston ya yi suna har aka sa shi cikin zauren gwanayen tarihi. Abin da ya fi damuna game da Mets shi ne zagaye na bakwai da na takwas, domin idan Robertson ya koma na tara, nauyin da zai bari ya hau kan Adam Ottavino da Brooks Raley. A can ya kamata a nemo ƙarin hannu mai araha, ba tare da an taɓa Álvarez ko Baty ba. Ƙofar musaya a buɗe take har 1 ga Agusta.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa ɗana amsoshinku gaba ɗaya. Ya ce hujjar ɗan'uwanmu na Shikago ta fi kama masa hankali, amma ya yarda a saurara wa Robertson zuwa ƙarshen Yuni, da sharaɗin cewa idan ya zubar da nasara biyar kafin nan, ni zan sayi tikitinmu na Citi Field, filin wasan Mets.