Neman shawara kan yin bulon girki da tsofaffin jaridu

Uwargida daga Zariya:
Assalamu alaikum. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin gas da na gawayi suka fi ƙarfin gidanmu, ga shi kuma maigidana, wanda malamin makaranta ne, ya tara jaridu da tsofaffin takardun jarrabawa har buhu uku. Na ji ana jiƙa takarda a matse ta ta zama bulo a yi girki da shi, sai na gwada da gwangwanin tumatir, na shanya kwana biyu. Da na kunna, hayaƙi kawai ya turnuke kicin, ko ruwan shayi bai tafasa ba. Ina roƙon wanda ya san aikin ya nuna mini inda na kuskure.

Mai walda daga Kano:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Bulonki bai bushe ba ne. Bayansa yakan bushe ya ruɗi mutum alhali cikinsa jiƙe yake, kuma wuta ba za ta yi zafi ba muddin tana fama da ruwan da ke ciki. Ki yayyaga takardar ƙanana, ki jiƙa ta kwana uku zuwa biyar, sannan ki kirɓa ta a tsohon turmi har ta zama kamar ƙullu, domin zaren takardar da ya warware shi ne yake riƙe bulon ba tare da an sa sitaci ba.

Matsi da tafin hannu ba ya fitar da ruwa yadda ya kamata. Abin da nake haɗa wa mutane shi ne guntun bututun ƙarfe mai faɗin inci huɗu, a huda masa ƙananan ramuka a jiki don ruwa ya tsiyaye, a tsayar da siririn bututu a tsakiya, a ɗora faifan ƙarfe a sama, sannan a danna da dogon mariƙi ko jak ɗin mota. Ramin tsakiyar nan kada a raina shi, saboda ta nan iska take shiga lokacin shanya da lokacin ci da wuta. A hunturu mako guda yakan isa idan ana juya shi, amma da damina sai ya yi fumfuna kafin ya bushe.

Malamin kimiyya daga Katsina:
Ina goyon bayan bayanin Malam mai walda, sai dai takarda zalla tana saurin cinyewa, tana barin toka mai yawa, kuma ba ta yin garwashin da zai dafa wake. Ya fi kyau a ɗauke ta a matsayin abin haɗi, a cakuɗa kashi ɗaya na ƙullun da kashi biyu na garin katako, ko ɓawon gyaɗa da aka daka, ko garin gawayin da yake taruwa a gindin buhu. Buntun shinkafa ma yana yi, amma tokarsa ta fi yawa. Ko da haka, kilo ɗaya na gawayi ya fi kilo ɗaya na bulon zafi nesa ba kusa ba, don haka ki fara da dafa ruwa da ɗumame. Ki ware takardun mujalla masu sheƙi da duk wadda aka lulluɓe da leda, kada ki gasa nama kai tsaye a kan bulon, kuma kada a kunna shi a ɗaki rufe, musamman lokacin sanyi.

Inna daga Gusau:
'Yata, kafin ki zuba komai a ruwa ki zauna ki tsince takardun ɗaya bayan ɗaya. Jaridunmu sukan ɗauko ayoyi da hadisai, musamman na ranar Juma'a, haka ma takardun darasin addini, kuma bai dace a kirɓa su a turmi a cusa a murhu ba. Aikin tsincewar yana cin lokaci, amma ni ban taɓa tsallake shi ba.

Uwargida daga Zariya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, wallahi wannan bai zo mini a rai ba, yau zan sa yara mu fara tsincewa. Akwai masu yankan katako kusa da mu, zan nemi garin a wurinsu. Malam mai walda, bututun roba mai kauri zai iya jure matsin jak, ko lallai sai na ƙarfe?